Awo Mai Karkata: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Lissafa Shi



Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin rijiya da wurin rigakafi, tun daga Tanut har Magarya: "Likita, maganin yanzu ba shi da ƙarfi. Na ba saniyata ƙwaya, har yau ba ta murmure ba." Wani lokaci mai maganar yana da gaskiya, don jabun magani ya yi yawa a kasuwanni, wani kuma rana ta gama dafa shi a kan tebur tun kafin a saya. Amma sau da yawa in na tambaya, "Kilo nawa ka ɗauki saniyar?", sai in tarar maganin lafiyarsa lau. Saniya mai kilo 280 ce aka ba rabon mai kilo 180. Kuma ba ita kaɗai ba, duk garken haka aka yi masa, bana da bara da bara waccan.

To darasinmu na wannan karo a kan awo ne, da irin kuskuren da ke zaune cikinsa ba ya motsi. Akwai ɗan lissafi a ciki, amma bai wuce tarawa da ɗebewa da rabawa ba. Wanda bai yi karatu ba ya zauna da yaronsa ɗan lakwal su bi shi tare.

Kuskure iri biyu ne

Ku rataya rago ɗaya a sikeli sau biyar. Rago ba ya tsayawa cik, yana shure-shure, tsinken sikeli yana rawa. A ce kun samu 43, 45, 44, 44, 44. Kun ga sau ɗaya ya ragu, sau ɗaya ya ƙaru. Wannan shi ne kuskure mai yawo: yau dama, gobe hagu. Maganinsa sananne ne. A tara duka, a raba da yawan awon. 43 da 45 da 44 da 44 da 44 sun tashi 220. A raba biyar, 44 ke nan. Wannan shi ake kira matsakaici. Ragin ya cinye ƙarin, an huta.

Yanzu a ce ragon nan nauyinsa na gaskiya kilo 40 ne, sikelin ne ya gaji yana ƙara kilo 4. Ko sau ɗari kuka rataya shi, matsakaicin 44 zai ba ku. Wannan kuskure na biyu shi muke kira karkata. Kun san jakin da mangalarsa ta rinjaya gefe guda: ko ina aka kora shi, wannan gefen dai yake ja. Yawan tafiya ba ya daidaita masa kaya, sai an tsaya an sauke an gyara.

Abin da ya sa karkata ta fi haɗari shi ne tana zuwa da kamar gaskiya. Mutum ya auna sau biyar, ya ga amsa kusan iri ɗaya, sai hankalinsa ya kwanta, ya ce sikelina ba ya ƙarya. Alhali abin da ya gani kawai shi ne sikelin yana maimaita maganarsa. Mai maimaita magana ɗaya kullum yana iya zama mai gaskiya, yana iya zama maƙaryacin da ya riƙe ƙaryarsa da kyau. Sikeli ba ya iya ba da shaida a kan kansa. Sai an kawo wani abu daga waje wanda aka riga aka san nauyinsa.

Gwada sikeli da ruwa

Abin da aka san nauyinsa yana nan a kowace ruga da kowane gida: ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ba dace ba ne, da gangan aka yi. Lokacin da aka kafa kilo a Faransa, a ƙarshen ƙarni na 18, daga nauyin litar ruwa aka ɗauko shi. Daga baya, tun 1889, aka ajiye wani ɗan dunƙulen ƙarfe kusa da birnin Paris, aka ce shi ne uwar kilo ta duniya duka, har zuwa 2019 da aka sake tsari. Ko shi ɗin ma a wancan zamanin an riƙa fito da shi lokaci-lokaci a gwada shi da ƴan'uwansa da aka rarraba wa ƙasashe, kuma an tarar sun ɗan saɓa da shi. In uwar kilo tana son a duba ta, ina ga sikelin da ya shekara goma yana rataye a reshen gawo yana shan ƙura?

Ga yadda za ku yi. Ku samu ma'aunin lita na ƙwarai, irin mai zane a jiki. Kada ku dogara da bido ko buteli don an ce na lita kaza ne, domin in an cika su har wuya sukan wuce abin da aka rubuta.

Da farko ku dubi sikelin ba komai a jikinsa. Tsinken yana kan sifiri? Sannan ku rataya buhu ko igiyar da kuke ɗaukar dabba da ita, ku sake dubawa. In ya nuna kilo 2, to kowace dabba da za ku auna an ɗora mata kilo 2 da ba nata ba. Wannan ita ce karkata ta farko, mai ƙayyadadden adadi. Ba ta kula da ƙaramin kaya ko babba, kilo 2 ɗin nan dai ne. Gyaranta: a juya ɗan mabuɗin da ke saman sikelin har tsinke ya koma sifiri da buhun a rataye, in kuma ba ya juyawa, a riƙa ɗebe 2 daga kowane awo. Kada ku raina ta. A kan rago mai kilo 50 ba ta da yawa, amma a kan ɗan akuya mai kilo 10 kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyinsa.

Bayan haka ku rataya bokiti ko bido marar komai, ku maida tsinke sifiri ko ku rubuta nauyinsa. Ku zuba lita 10, ku karanta. Ku ƙara ya zama 20, sannan 30, sannan 40 in kayan za su ɗauka. A ce ga abin da ya fito:

lita 10, sikeli ya ce 11
lita 20, sikeli ya ce 22
lita 30, sikeli ya ce 33
lita 40, sikeli ya ce 44

Ku lura da kyau. A nan ƙarin ba tsayayye ba ne: 1, 2, 3, 4. Yana girma tare da kaya. Wannan ita ce karkata ta biyu, kuma mafi yawa tana zuwa ne in murɗaɗɗen ƙarfen da ke cikin sikelin ya gaji ya saki. A kowane kilo 10 yana ƙara 1, wato kashi 10 cikin 100. Da kun gwada da lita 10 kaɗai, da kun ce "kilo 1 yake ƙarawa", ku je kuna ɗebe 1 daga babban rago alhali 4 ya kamata. Shi ya sa ba a gwaji da nauyi ɗaya. A gwada da ƙarami, da na tsakiya, da wanda ya kai nauyin dabbobin da ake aunawa.

Gyaran irin wannan: duk abin da sikeli ya nuna, a ninka shi sau 10, a raba da 11. Ya nuna 55? 55 sau 10, 550. A raba 11, ya ba da 50. Wanda rabawa da 11 ta yi masa wuya ya ɗebe kashi ɗaya cikin goma na abin da ya gani, zai zo kusa ƙwarai: 55 a ɗebe 5 da rabi, saura 49 da rabi. Don ba da magani wannan ya wadatar.

Sikeli ɗaya yana iya haɗa duka biyun. In haka ne, a fara gyara sifiri, sannan a yi gwajin ruwa. Abin da kuka samu ku rubuta shi a takarda da ranar gwajin, ku ɗaure a jikin sikelin, don wanda zai ara ya sani. Babban sikelin shanu kuwa, inda akwai shi, ana gwada shi da sababbin buhunan siminti masu kilo 50 da ba a buɗe ba, biyu, huɗu, shida.

Ido ma ma'auni ne

Na san abin da wasunku ke cewa: "Mu ina muka ga sikeli a daji?" Gaskiya ne. A kara ta Kundumawa ko ta Bakin Birji ko Maigatari ba a kilo ake ciniki ba, da ido ne da taɓa gadon baya da gindin wutsiya. Kuma ni ban taɓa ganin wanda ya kai dillali ko tsohon makiyayi sanin kuɗin dabba ba. Sai dai sanin kuɗinta daban, sanin kilonta daban. Takardar magani kuwa da kilo take magana.

An yi wannan bincike a yammacin ƙasar Kenya, aka wallafa shi a 2008. Aka sa masu shanu su faɗi nauyin dabbobinsu da ido, sannan aka auna. Fiye da shanu takwas cikin goma an rage musu nauyi, kuma ragin ya kai kusan rabin nauyinsu na gaskiya. Mutanen da suka tashi cikin shanu ke nan. Da kuskure mai yawo ne, da wani ya ƙara wani ya rage. Amma kusan duka gefe ɗaya suka faɗa.

Kowane ɗayanku yana iya lissafa karkatar idonsa, rana ɗaya tak, in ya samu sikelin da aka gwada. Ku ware tumaki biyar, goma ma ya fi, manya da ƙanana. Kafin a rataya kowace, ku faɗi kilonta a rubuta. Kada ku ga sikelin sai kun gama faɗar duka, in ba haka ba ido zai riƙa satar amsa. A ce ga sakamakon:

ido 25, sikeli 32, an rage 7
ido 35, sikeli 41, an rage 6
ido 25, sikeli 28, an rage 3
ido 35, sikeli 46, an rage 11
ido 30, sikeli 38, an rage 8

Abu na farko da za ku duba ba yawan kuskuren ba ne, gefensa za ku duba. Biyar cikin biyar ragi ne, ko ɗaya babu ƙari. Wannan ita ce alamar karkata. Da uku ragi ne biyu ƙari, da mun ce yawo ne kawai.

Sannan a tara ragin: 7 da 6 da 3 da 11 da 8, 35 ke nan. A raba biyar, 7. Wato idon mutumin nan yana cin kilo 7 a kan kowace tunkiya. In ana son a san kashi nawa ne, a tara nauyin gaskiya, 185, a tara na ido, 150. Abin da ya ɓace 35 ne cikin 185, kusan ɗaya cikin biyar. Amma ku yi hattara wajen gyara, nan ne ko ƴan lakwal ke tuntuɓe. Abin da ke hannunku ranar ba da magani shi ne faɗar ido, 150, kuma 35 kusan rubu'in 150 ne. Saboda haka rubu'i za ku ƙara a kan abin da ido ya faɗa. Ido ya ce 32, a ƙara 8, a ba da maganin kilo 40.

Wannan lissafi na mai idon ne shi kaɗai. Na ƙanensa daban ne. Kuma na tumaki ba ya aiki a kan shanu, sai an sake.

Metir a ƙirji

Tsakanin ido da sikeli akwai metir. Ana zagaya ƙirjin sa da shi, dab da bayan ƙafafun gaba, a bayan tozo, sannan a duba takardar da ke maida santimeta kilo. Ya fi ido nesa ba kusa ba, kuma metir na tela ma yana yi. Amma shi ma yana da ƙofofin da karkata ke shigowa.

A makaranta an koya mana wata tsohuwar ƙa'ida ta wani Bafaranshe mai suna Crevat: a ɗauki zagayen ƙirji a metir, a ninka shi da kansa, a sake ninkawa, sannan a ninka sau 80. Ƙirji mai santimeta 150 yana ba da kilo 270. Mai 145 yana ba da 244. Kun gani? Santimeta 5 kacal, faɗin yatsu uku, sun tafi da kilo 26. To mai hannun da ya saba matse metir har ya nutse cikin fata, kowace dabba zai rage mata. Mai sakin metir yana lilo kuma kowace zai ƙara mata. Metir na ƙyalle da ya tsufa ya miƙe yana karanta ƙasa da gaskiya, kullum. A shimfiɗa shi kusa da na ƙarfe irin na kafinta, a ga ko 100 ɗinsu ta haɗu.

Babbar ƙofa kuwa ita ce takardar kanta. Ƙa'idar Crevat a kan shanun Turai aka gina ta, marasa tozo, masu wani irin gini. Igiyoyin awo da ake shigowa da su masu kilo a rubuce a jiki, da yawansu haka ne. Shi ya sa aka yi aiki a tashar kiwo ta Tukunus, aka auna ƙirjin shanun Azawak aka kuma ɗora su a sikeli, aka fitar musu da lissafinsu, wanda aka wallafa a 2001. Amma ku da kanku kun san jar saniyar Bororo mai dogayen ƙafafu ba gininta ɗaya da Azawak ba, balle Kuri ta bakin tafkin Cadi. Takardar wata kabila in an ɗora ta a kan wata, kuskuren da za ta yi gefe ɗaya zai bi a garken duka. Hanyar gane shi ita ce dai wadda muka yi da ido: dabbobi goma, metir da sikeli, a dubi gefe, a tara, a raba. Saniya mai tsohon ciki kuma metir ba ya ganin ɗan da ke cikinta.

In karkata biyu suka haɗu

Yanzu mu koma ga maganar farko. Maganin ivermectine na allura, mai ƙarfin 1 cikin 100, ƙa'idarsa mililita ɗaya, abin da muke cewa sese ɗaya, ga kowane kilo 50. Sa mai kilo 300 sese 6 yake so. Mai shi ya dube shi ya ce kilo 200 ne, ya ja sese 4. Sulusi ya riga ya tafi. A ce kuma sirinjin tsoho ne, zanen jikinsa ya goge, robarsa tana yoyo, cikin kowane sese 10 tara yake turawa. Abin da ya shiga jikin san bai kai 4 ba, sese 3 da ɗigo 6 ne. Kashi 60 cikin 100 na abin da ya kamata. Mai shi kuwa yana da yaƙinin ya yi daidai, har ya rantse.

Gwajin sirinji ba wuya. A ja ruwa sese 5 a tura cikin ma'auni mai zane, sau goma. Ya kamata a ga 50. In 45 aka gani, an san labari. Bindigar ɗura magani ta baki ita ta fi son wannan gwaji, don takan ja iska.

Me rabin magani ke yi? Yana kashe tsutsotsi masu rauni, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Shekara kaɗan, sai garke ya cika da zuriyar waɗanda maganin ba ya kashewa, a lokacin ko an ba da cikakke ba zai yi ba. Haka abin yake ga kaska, haka ga ƙwayoyin cutar da ake yi wa oxytétracycline, wanda mai dogon aiki, mai ƙarfin 20 cikin 100, sese ɗaya ne ga kowane kilo 10. Sa mai kilo 300 sese 30 ke nan, a raba wuri biyu ko uku. Sau nawa na ga an yi wa irin wannan sa sese 10 an ce an yi masa allura! Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan, kuma maƙwabcin da ke shayarwa rijiya ɗaya da kai ya gaji tsutsarka mai taurin kai.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ce to daga yau ninkawa zan riƙa yi. A'a. Lévamisole in ya yi yawa yana kayar da akuya. Diminazène, maganin sammore na shanu, guba ne ga raƙumi. Abin da ake so a san nauyin. In garke ne za a ɗura wa maganin tsutsa, a raba shi manya da matsakaita da ƙanana, a auna mafi nauyi a kowane rukuni, a ba rukunin gwargwadonsa. A kuma kiyaye kwanakin da takarda ta ce kada a sha nono ko a ci nama.

Abin da ya taɓa faruwa da ni

Farkon fara aikina an ba ni bin wata ƙungiyar mata masu turkar raguna a wani ƙauye kudu da Damagaram, ana shirin Layya. Duk sati biyu nakan je in auna. Raguna suna hawa, kowa na murna. Ran nan sikelin da na saba zuwa da shi wani ya are shi, na ɗauki wani. Na auna, sai ga raguna duka sun tsaya, wasu ma sun ragu da kilo ɗaya ko biyu. Na tara mata na hau faɗa: an rage dusa, an sayar da harawa, ba a ba su ruwa. Har na ce a sayo maganin tsutsa.

Wata tsohuwa ta bari na gama, ta ce, "Ɗana, ragon nan ni nake kama shi kullum. Igiyar wuyansa sau biyu na sassauta ta cikin watan nan. Kai dai dubi ƙarfenka."

Na ji kunya, amma na sa aka kawo ruwa. Sabon sikelin daidai yake. Tsohon ne ke ƙara kilo 3 tun farko, ni ban sani ba. Na ce mata, "Inna, kin fi ni gaskiya."

Akwai darasin lissafi a nan da ya kamata ku riƙe. Duk tsawon lokacin da nake aiki da tsohon sikelin, nauyin da nake rubutawa ƙarya ne, amma ƙarin da raguna ke yi gaskiya ne. Rago ya tashi daga 33 zuwa 36 a takarda, a gaskiya daga 30 zuwa 33 ne, ƙarin dai kilo 3 ne ko ta ina. Karkata mai ƙayyadadden adadi tana faɗuwa in an ɗebe awo daga awo, muddin ma'auni ɗaya ne. Ranar da aka sauya ma'auni take fitowa fili. Don haka mai bin girman dabba ya riƙe sikeli ɗaya, mutum ɗaya, lokaci ɗaya. Lokacin kuwa da safe ne, kafin ci da sha. Saniyar da ta kwana biyu ba ta ga rijiya ba tana iya shan lita 30 ko fiye a tsaye ɗaya, kuma kun riga kun san lita 30 kilo nawa ce. Masu ba dabba ruwan kanwa daren kasuwa sun san wannan lissafi tun kafin a haife ni.

Tiya

A kan tiya ba sai na daɗe ba, kun fi ni sani. Ana lissafa tiyar hatsi wajen kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40. Amma tiyar wata kasuwa ba ta wata ba ce, kuma akwai mai tiya biyu, ta saye da ta sayarwa, akwai wadda aka bubbuge gindinta ya shige ciki. In tana cin kashi ɗaya cikin goma, wanda ya sayar da bunsuru don ya auni tiya 40 ya tafi gida da 36. Ku riƙe taku tiyar a gida wadda kuka san lita nawa na ruwa take ci, ku sake aunawa in kun koma. Haka ma kwanon da ake karɓar madara da shi. Sannan tiya cika take aunawa, ba nauyi ba: in an ce a ba rago kilo ɗaya na dusa, tiyar dusa ba ta kusa da nauyin tiyar hatsi, sai an ɗora ta a sikeli sau ɗaya an gani.

Ƙidayar garke

Saura awo ɗaya, wanda karkatarsa daga bakinmu take fitowa. In ma'aikaci ya tambayi makiyayi dabbobinsa nawa, ba a taɓa ƙara masa ba, ragewa ake yi. Dalilan sanannu ne: tunanin jangali na zamanin da, tsoron baki, da kuma cewa ba a ƙirga dukiya a gaban baƙo. Ban zargi kowa ba, a gidanmu ma haka na taras. Amma da yake kowa gefe ɗaya yake ragewa, in an tara na gari da na gunduma da na jiha, ragin ba ya cinye kansa, taruwa yake. Da aka yi babbar ƙidayar noma da dabbobi ta ƙasa tsakanin 2005 da 2007, an samu dabbobi sama da miliyan 31 a Nijar, jihar Damagaram ce kan gaba, kuma adadin ya wuce abin da aka daɗe ana rubutawa a takardu.

Ga inda abin ke dawowa kanmu. A ce wani gari an faɗi awaki da tumaki 800, alhali 1200 ne. Aka zo rigakafi aka yi wa 700. A takarda 700 cikin 800 ne, kashi 87 cikin 100, sai a ce aiki ya yi kyau. A gaskiya 700 cikin 1200 ne, kashi 58. Dabbobi 500 suna yawo ba rigakafi, sun isa su riƙe cuta a gari. Bushiya da ta addabi kakanninmu an sanar da ƙarewarta a duniya a 2011, kuma da rigakafi aka kai ga haka. Annobar awaki da tumaki, mai zuwa da majina da zawo, an sa mata wa'adin 2030. Yawan allurar da za a turo daga Yamai, da buhunan dusa da na ƙwayar auduga da za a ware wa kowace gunduma a shekarar fari, da wannan adadin da kuka faɗa ake lissafa su.

In an zo rigakafi na gaba, wanda ke da sikeli ko metir ko sirinjin da yake shakka ya zo da shi wurin, tare da bido ɗaya na ruwa. Mu za mu zo da ma'aunin lita da metir na ƙarfe. Mai son a gwada idonsa kuma ya ware tumaki goma tun da safe, kada a shayar da su sai an gama.